Lambunmu

"Ba wannan ba," Direba ya ce, ya ture ƙullin irin da ɗan yatsa. "Wannan ma yana da shi."

Mai sayar da iri ta dube shi ta saman tabarau. Dattijuwa ce mai faɗin fuska, rumfarta tana can ƙarshen layin masu kayan lambu, inda rufin kwanon kasuwar ya ƙare rana ta karɓa. Duk ƙullin da ta ɗora masa a kan tebur sai ya ture.

"Wa ke da shi?"

"Wani mutum."

"To ɗana, ni ban san wani mutum ba. Ka tambaye ni abin da ake shukawa yanzu a tsakiyar zafi, shi nake gaya maka. Wake, gajeren nan da ba ya neman sanda. Kokwamba. Alayyafo, shi zafin ma yake so. Karas, in za ka iya rufe shi da buhu kana jiƙawa har ya tsiro. Latas a inuwa. Ga ɗaɗɗoya, ga na'a-na'a, ita ka ba ta tukunyarta daban, in ba haka ba ta cinye maka fili."

"Haka shi ma ya ce."

"Ashe mutumin ya san abin da yake yi."

Maganar ta soke shi kamar ƙaya. Ya goge gumin wuyansa da gefen shuɗiyar rigar kamfanin bas da bai ko tsaya cirewa ba. Ba zai tsaya a tsakiyar kasuwa yana yi wa tsohuwa bayanin ko wane ne wani mutum ba.

Wani mutum dai shi ne mijin tsohuwar matarsa. Direba ya san sunansa sarai, amma bai taɓa barin sunan ya hau harshensa ba. Ranar da ya fara ganinsa, ya mayar da 'yarsa gidan ne bayan hutun ƙarshen mako, ya tarar da shi a tsakar gida da wando a naɗe da koren tiyo a hannu yana ba tsirrai ruwa, har ya ɗago hannu ya gaishe shi da fara'a. Tun daga ranar ya zama Mai Tiyo. Ma'aikacin ofis ne, daga ofis sai lambu. Ba ya faɗa, ba ya gori, bai taɓa hana yarinya zuwa wurin ubanta ba, shi ma yake kawo ta a motarsa in ta kama. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Rashin laifin da za a kama, shi ne abin da Direba ya kasa yafe masa.

Yarinyar shekarunta goma sha biyu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa Mamana yake ce mata. Wurin uwarta take zaune saboda makaranta, da kuma saboda uban da ke fita aiki tun gari bai waye ba ba shi da wanda zai bar wa yarinya. Takan zo masa wani ƙarshen makon. Amma dogon hutu nasa ne, tun da aka rabu nasa ne, shi yake jira duk shekara, har roƙon canjin aiki yake a mayar da shi na safe kawai don ya riƙa dawowa gida da wuri. Bana uwar ta ce yarinya ta girma, a bar ta ta zaɓi inda za ta yi hutunta. Ya ce to, in bai ce to ba me zai ce? Yau aka rufe makaranta, kuma yau da safe, yana ɗumama injin a tasha, ta kira shi.

"Baba, na gama haɗa irin!" Muryarta har rawa take. "Wake da kokwamba da karas da latas da ɗaɗɗoya. Abba ya ce in muka shuka a lambunmu makon nan, kafin a koma makaranta za mu ci wake. Amma fa sai an riƙa ban ruwa kullum, safe da yamma, ba fashi."

"Kullum."

"Kullum. Ni zan riƙa yi. Ya ce zafin nan in ka tsallake rana ɗaya ka kashe su."

"To, Allah ya ba da sa'a."

"Da la'asar Abba zai kawo ni. Baba kana ji na? Muryarka ta yi nisa."

"Injin ne, Mamana."

Ya kashe wayar ya zauna riƙe da sitiyari. Ba ya bukatar a yi masa fassara. Wadda za ta ba da ruwa safe da yamma ba fashi ba za ta kwana a wannan gefen gari ba. Za a kawo ta da la'asar ta gaishe shi, ta sha lemo, a mayar da ita. Kalmar da ta fi tsaya masa a wuya kuwa ba Abba da take ce wa Mai Tiyo ba ce, wannan ya daɗe da haɗiye ta da ƙyar. Lambunmu ce. Wata da watanni yarinyar ba ta da zance sai lambunmu, kuma duk lokacin da ta faɗa sai ya hango su su biyu a tsakar gidan can, ita da Mai Tiyo, sun durƙusa kan tsiro ɗaya kawunansu sun kusa haɗuwa. Da ta fara zancen sai ya ce mhm, ya ƙara sautin rediyo.

Ranar ya tuƙa mota kamar mai jin haushin titi. Ya wuce wata tasha mutane na ta ɗaga masa hannu. Ya taka birki wata mata ta kusa zubar da kwandonta, da ya hango ta madubi ganyen latas ne ke leƙowa daga kwandon sai ya ji bai ma yi nadama ba. Kishi ne, kishi tsagwaronsa, irin wanda namiji mai furfura a gemu ba ya yarda yana yi ko a gaban madubi. Kafin ya miƙa makullin mota ya gama yanke shawara. In lambu ne ya ɗauke masa 'ya, shi ma zai yi lambu, yau ɗin nan kafin la'asar, kuma wanda ya fi.

Abin da ya kawo shi rumfar dattijuwa ke nan.

"Inna," ya ce, "cikin waɗannan wanne ne zai fito yau?"

Ta yi dariya har tabarau ya zame mata. "Yau? Iri ne fa, ba burodi ba."

A lokacin idonsa ya faɗa bayan rumfar. Tumatir ne a cikin baƙaƙen ledoji, an jera su a jikin bango, kowanne ya kai masa ƙugu, da furanni rawaya birjik, wasu har da 'ya'ya kore ƙanana. Ya tuna na gidan can. Ya ƙare musu kallo ta ƙofa makon jiya yana yi kamar ba ya kallo, ko gwiwa ba su kai ba.

"Waɗancan fa?"

"Ragowa ne. Lokacin dashensu ya wuce tun tuni, saiwarsu ta nannaɗe a leda. Ka ɗauke su cikin ranar nan, kafin ka kai gida sun sunkuyar da kai, furen ya zube. Ni da kaina ba na so in sayar maka."

"Nasa ba su kai haka tsawo ba."

"Na wa kuma?"

"Ki ba ni su duka."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ta san ba zai ji ba. Sannan ta tashi ta jawo masa su. Da zai tafi ta ɗauki wani ɗan ƙulli kamar kan babban yatsa ta miƙa masa.

"Ga gyara. Lansir ne. Shi ba ruwansa da taki, ko a tsohon faranti ka zuba ƙasa zai fito maka cikin 'yan kwanaki. Amma kome za ka yafa a wannan lokaci, ka bari sai yamma, sai ƙasa ta huce."

Ya cusa shi a aljihu don kada ya yi wa babba rashin kunya, ya manta da shi nan take.

A tasi ya kawo su, ya rungume biyu a cinya, sauran a kujerar baya ganyensu na shafar ƙeyar mai tasin, wanda ya yi ta mita har ƙofar gida. Ɗaki da falo yake haya a wani gida mai ɗakuna da yawa. Bayan ɗakinsa akwai wani siririn fili tsakanin bango da katanga, mutum biyu ba sa jerawa su wuce sai sun goga kafaɗa. Igiyar shanya ce a wurin, da tankin ruwa a kusurwa. Nan ya yi niyyar jera tumatir ɗinsa. Da ya zagayo sai ya tarar ba wuri.

Tayoyi ne suka cinye wurin. Shi da kansa ya kawo su. Tun lokacin sanyi yarinyar ta ce, Baba ka samo mini tsofaffin tayoyi, na lambu, shi kuwa ya bi makanikai yana roƙo, ya riƙa kawowa ɗaya bayan ɗaya yana haɗiye takaici. Ya sa ido a zo a kwasa a kai gidan can, ba a zo ba. Ta bi ta shimfiɗa su a jikin katanga, wasu nan, wasu can kusa da tanki, suna ta jiran ranar da mai lambu zai ga dama.

Ga kuma rabin ganga. Tana can ƙarshe an rufe ta da buhu an danne da dutse. Duk zuwan da yarinyar za ta yi sai ta zuba mata wani abu, ɓawon ƙwai, ɓawon albasa, busasshen ganyen da take sharowa daga bakin titi, ta juya da sanda ta rufe. Har umarni ta bar masa, in ya sha shayi da safe kada ya zubar da ganyen, ya zuba a ganga. Abba ne ya koya mata, taki ake yi. Ya kuwa yi ta zubawa, kullum, da duhun asuba kafin ya fita, don ita ta ce. Yau da ya tsaya a gaban gangar da ledar tumatir a kowane hannu sai abin ya taso masa gaba ɗaya. Wato har ganyen shayinsa sai ya tafi hidimar gidan wani. Shi ne mai roƙon taya, shi ne mai tara shara, a zo a kwasa a kai inda ake cewa mu.

Ya ajiye ledojin ya tuɓe riga.

Yana gangara taya ta farko ta tsakar gida keken ɗinki ya tsaya. Tela ce, maƙwabciyarsa ta ɗakin gaba, wadda yarinyar ke zama wurinta in ya fita aiki. Ta leƙo da zare a baki.

"Maƙwabci, ina za ka kai kayan yarinya?"

"Ba nata ba ne. Na mutane ne, sun mayar mini da gida ma'ajiya."

"A'a, ka tsaya mana. Ai ita cewa ta yi..."

"Na san abin da ta ce. Har da safen nan ta faɗa mini."

Ya faɗe shi da irin muryar da yake yi wa fasinjan da ya tsaya a bakin ƙofa. Tela ta cire zaren daga bakinta ta dube shi, ta ɗaga kafaɗa, ta koma. Keken bai ci gaba da ƙara ba sai da ya fita.

Mai faci na bakin kwana ya karɓi tayoyin yana ta godiya. Direba na dawowa daga kai ta ƙarshe sai ga motar masu kwashe shara ta shigo layin, kamar an aiko ta. Ya tsayar da su. Shi da ɗaya daga cikinsu suka ciccibi gangar suka fito da ita, nauyinta ya ba shi mamaki. Ya ɗauke numfashi yana jiran ɗoyi. Da suka kifa ta, abin da ya zubo baƙi ne, lallausa, da ɗumi, yana warwatsewa kamar gari, ga tanoni suna ta mutsu-mutsu. Ƙamshin ƙasa yake irin na ruwan farko.

"Maigida, wannan ai ba shara ba ce," mutumin ya ce.

Direba ya ɗan tsaya. Ya hango wani guntun ɓawon ƙwai da bai gama narkewa ba, ya tuna yatsunta suna murtsuke shi. Sai kuma ya hango Mai Tiyo yana damƙar baƙar ƙasar nan da hannu yana cewa kai, ta yi kyau.

"Ku tafi da ita," ya ce. "Har gangar."

Ya share filin tas, ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Ya jera tumatir a jikin katanga, dogaye a tsakiya, ya ja da baya ya duba, ya sake jerawa. Ya juya masu 'ya'yan su fuskanci inda mutum zai fara ɓullowa. Rana na tsaye a kan filin kamar an kafe ta. Ya ga ganyen sun fara laushi ya sheƙa musu ruwa, ya shiga ya yi wanka, ya sa wankakkiyar riga, ya mayar da wandon aikin don ɗayan bai bushe ba. Da ya fito ya tarar sun sunkuyar da kai gaba ɗayansu, ga ƙananan furanni rawaya a ƙasa. Ya tsince furannin ya watsa bayan katanga, ya kawo igiya ya ɗaure kawunan a jikin igiyar shanya don su miƙe. Daga nesa, in mutum bai ƙura ido ba, lambu ne.

Ƙarar rufe ƙofar mota ya ji, don Mai Tiyo ko hon ba ya yi wa mutane. Ya gyara wuyan riga ya fito tsakar gida, ya shirya fuskar wanda ba abin da ya dame shi.

Yarinyar ta shigo a karkace saboda nauyi. Kwalin takalmi ne a hammatarta, a ɗaya hannun kuwa jaka. Ba ƙaramar ta kwana biyu ba. Babbar ce, mai tsinkakken zif, wadda shi ya saya mata, ta dogon hutu. Direba ya dubi jakar, ya dubi yarinyar, ya sake duban jakar. Wani farin ciki ya taso masa har ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Baba sannu da gida! Anti sannu da aiki!" Ba ta ko tsaya ba, ta bi ta lungun da jakar tana bugun ƙafarta. "Zo mu je, zo ka ga yadda za mu yi!"

Ya bi ta da sauri. "Mamana, tsaya, akwai abin da na..."

Ta riga ta sha kwana. Ya same ta a tsaye a bakin filin, ba ta motsi. Ta dubi jikin katanga, ta dubi gindin tanki, ta dubi can ƙarshe inda zoben gindin ganga ya bar shaida a ƙasa.

"Baba, ina lambunmu?"

Ya buɗe baki zai ce yana can inda kuka baro shi. Sai ya ga inda take kallo. Ba gabas take kallo ba, ba hanyar gidan can ba. Ƙasar da ya share take kallo, har sawun tsintsiya yana nan.

"Tayoyin," ta ce. "Nan uku na wake ne, nan rana ta fi daɗewa. Wannan ta kokwamba ce, za ta hau igiya. Na kusa da tanki latas ne, inuwa tana zuwa wurin tun azahar, na zauna na duba. Baba ina ka kai su?"

"Suna wurin mai faci. Ana iya karɓowa."

"Takin fa?"

Ya dubi zoben da gindin gangar ya bari a ƙasa. Daga ɗakin gaba ba a jin keken ɗinki.

"Baba, takin fa?"

"Masu shara sun wuce ɗazu."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta matse kwalin a ƙirjinta, iri suka yi ƙara a ciki.

"Ya nuna fa," ta ce a hankali. "Zuwan da na yi na ƙarshe na duba, ya nuna. Tun sanyi muke tara shi. Har da ganyen shayinka."

"Na ɗauka na can gidan ne, Mamana. Na ɗauka za a zo a kwasa."

"Abba yana da nasa, rami guda. Me zai yi da namu?"

"Ba ki taɓa ce mini nan ba ne."

Ta ɗago ta dube shi, da idon uwarsa sak, idon da ba a yi wa ƙarya.

"Na ce maka lambunmu. Da wa nake magana in na ce mu?"

Ya bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, na safen nan, na makon jiya, na watan jiya, duk waɗanda ya ce wa mhm. Kowacce da ya juya sai ya tarar da kansa a ciki, a zaune tun farko, shi ne ya tashi ya ba wani kujerar. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Sai a lokacin ta lura da tumatir ɗin. Ta matsa ta taɓa wani ganye da ya yi laƙwas, ta bi igiyar da ya ɗaure kawunan da kallo.

"Wa ya sayar maka da waɗannan?"

"Ta ce kada in saya."

"To don me ka saya?"

"Sun fi nasa tsawo."

Ya ji maganar da kunnensa bayan ta fita, ya so ƙasa ta tsage. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta gyara riƙon jakar, wadda tun shigowarta ba ta ajiye ba.

"Abba bai tafi ba," ta ce. "Ya ce zai ɗan jira ko na manta wani abu a mota."

Direba ya dubi yatsunta a kan hannun jakar, sun yi fari don damƙa. Ya juya ya bi ta lungu, ya wuce Tela da ta sunkuyar da kai tana neman allurar da ba ta ɓace ba, ya fita.

Motar na gindin katanga, injin a kashe, gilashi a sauke. Bai taɓa matsowa kusa da mutumin haka ba. Ashe shi ma da furfura, ga baƙar ƙasa a ƙarƙashin farcensa. Direba ya tsaya a bakin tagar. Sunan ya zo masa har baki ya ƙi fitowa.

"Malam."

"Na'am. Sannu da aiki." Ya yunƙura zai fito, Direba ya ɗaga masa hannu.

"Takin nan naka, in akwai ragowa. Buhu ɗaya. Na yi ɓarna."

Ya faɗa masa a taƙaice, yana kallon madubin gefe. Mai Tiyo ya saurara bai katse shi ba.

"Ka zubar," ya ce daga ƙarshe.

"Na zubar."

Mai Tiyo ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari ya daɗe yana kallon titi. Direba ya shirya wa gori, har so yake a yi masa, ko ya samu laifi ɗaya da zai riƙe.

"Ka san irin nan da ke cikin kwali ko taɓawa ba ta bari in yi ba?" mutumin ya ce. "Duk abin da na koya mata sai ta ce, to a lambunmu ta ina za a fara? Ni ina ta murna, na ɗauka nawa take nufi. Har na ware mata gefe guda, na sayo mata ɗan bokitin ban ruwa. Rannan ina wanke hannu na ji tana gaya wa uwarta, lambun Abba ya cika inuwa, namu ya fi samun rana." Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "Lambun Abba. Haka take ce wa nawa. Gefen da na ware mata yana nan, ciyawa ta cinye."

Wani daɗi mara kunya ya ratsa Direba, bai kuma yi ƙoƙarin hana shi ba. Amma bai daɗe ba, don ya gane fuskar da ke cikin motar. Ita yake gani kullum a madubin bas.

"Gobe da safe zan kawo maka buhu biyu," Mai Tiyo ya ce. "Ba zai kai nata ba, amma zai yi."

"Ɗaya ya isa."

"Biyu. Wake yana ci. Da tiyo, in kana so, ina da wani."

"Muna da bokiti," Direba ya ce.

Mai Tiyo ya juyo ya dube shi, ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da idonsa kan titi. Bai tayar da mota ba.

Yarinyar ta fito ta tsaya a ƙofar gida, kwali a hammata, jaka a hannu. Tsakaninta da motar da tsakaninta da ɗakin kusan ɗaya ne. Direba ya taka zuwa wurinta ba tare da ya san abin da zai ce ba. Ya sa hannu a aljihu neman hankici ya goge fuska, yatsunsa suka ci karo da ɗan ƙulli. Ya fito da shi ya miƙa mata a tafin hannu.

Ta dube shi kafin ta karɓa. Ta kwance da haƙori, don hannuwanta a cike suke, ta leƙa.

"Lansir."

"Ta ce ba ruwansa da taki."

"Na sani."

"Akwai tsohon faranti a ƙarƙashin gado," ya ce. "Mu yafa?"

Ta ɗaga kai ta dubi rana a jikin katangar gidan da ke kallonsu, yadda masu lambu ke dubanta.

"Ba yanzu ba," ta ce. "Sai ƙasa ta huce."

Ba ta shiga da jakar ɗaki ba, ba ta kuma mayar da ita mota ba. Ta ajiye ta a bakin ƙofa ta zauna a kai, kwalin iri a cinyarta, ƙullin lansir a dunƙule a hannunta. Motar na nan inda take. Direba ya jingina da bango kusa da ita yana kallon inuwar katanga tana jan jiki a kan titi. Tunda yake bai taɓa ganin rana mai nawar tafiya irin ta yau ba.